Zaren Rama da Tofin Umma

Shekara huɗu na yi ina bin wata iyaka da ido ba ya gani. In aka tambaye ni a gidan biki me nake karantawa har yanzu, sai in ce rama. A yi dariya, a ce to a kawo ƙuli-ƙuli mu yi kwaɗo. Ban taɓa jin haushin wannan tsokana ba, duk da cewa ni ba mai haƙuri ba ce, domin na san abin da nake yi, na kuma san zai yi amfani.

Ga yadda abin yake. Masu yin tankin ruwa da rufin faiba a Makera, cikin garin Kaduna, abu biyu suke haɗawa: zaren gilashi da ake shigowa da shi daga waje, da wani ruwan roba mai kauri da suke kira rezin. Zaren shi ke ɗaukar nauyi, robar kuma ita ke riƙe shi in ta daskare. Tun ina koyarwa a sashen injiniya nake tambayar kaina, me zai hana a sa zaren rama, wanda iyayenmu suke tufka igiya da shi tun kafin a haife mu? Matsalar ɗaya ce. Roba ba ta son kama rama, in aka ja sai zaren ya zame. Littattafai sun ce a jiƙa shi a soda tukuna. Ni kuwa na ce ruwan toka zai yi wannan aiki, ruwan tokar da kowace tsohuwa ta iya tacewa a bayan ɗakinta. A kan wannan magana na kafa digirina na uku.

Ramar a Kakau nake samo ta, wurin wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ke shuka ta a gefen gonar masararta. Ranar da na fara zuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "'Yata, mutane ganye suke nema, ke kuma kara kike so? To Allah ya kyauta boko." Daga baya ita ta koya mini lokacin da ya kamata a yanke, da yadda ake ɓare ɓawon ba tare da an yayyaga shi ba.

Na yi sanduna na roba da zaren, wasu da wanda aka jiƙa a ruwan toka, wasu da wanda ba a jiƙa ba, na karya su a injin makarantarmu, masu ruwan toka suka fi ƙarfi. Na kai wa Farfesa, wato malamin da ke duba aikina, ina ta rawar jiki. Ya duba, ya ajiye tabarau, ya ce sun fi ƙarfi, ya gani, amma me ya sa? Ya ce sai na nuna masa kamun da idonsa, a daidai inda zare ya haɗu da roba. Na fito ofishinsa ina ƙunƙuni, amma gaskiya ya faɗa.

Na'urar da ke wannan awo babu ita a makarantarmu, ban kuma san inda zan same ta a kusa ba. Allura ce ta daimon. Ana danna ta a kan abu a hankali, na'urar tana rubuta nauyin da aka ɗora da zurfin da ta nutsa, sannan a janye ta a ga yadda wurin ya dawo. Daga nan ake sanin taurin abu da ƙarfinsa a daidai wannan ɗigon kaɗai. Zurfin kuwa, a ɗauki gashin kai guda, a raba kaurinsa gida dubu, allurar ba ta wuce kashi biyu ko uku. Ana jera 'yan ramukan a layi, a faro daga cikin zare, a tsallaka iyaka, a shiga roba. In akwai kamu, ƙarfin zai riƙa saukowa a hankali. In babu, sai ya faɗi gaba ɗaya, wani lokaci ma a tarar da tsaga a tsakani. Saboda ƙanƙantar ramin, dole fuskar abin da za a auna ta yi sumul fiye da madubi.

Bayan wasiƙu da yawa da ba a amsa ba, wata mata da ke kula da irin wannan na'ura a wata jami'a a ƙasar waje ta yarda ta auna mini. Na yanka sandunan gunduwa-gunduwa, kowanne kamar murfin kwalba, na goge su a injin gogewa na ɗakin gwaji, ruwa na zuba a kai kamar yadda littafi ya ce. Na duba a madubin ƙara girma, na ga suna ƙyalli, na aika. Sati uku bayan nan ta turo hotuna. Kowane zare ya lotsa ƙasa da robar da ke kewaye da shi, gefensa ya tsattsage. Allura ba ta da inda za ta sauka. Ta ce za ta iya ba ni kwana biyu kacal nan da wata guda, daga nan na'urar tana hannun wasu har fiye da shekara. Farfesa kuma bai ɓoye mini ba: wa'adin karatuna ya kusa cika, in wannan karon ma ba a samu sakamako ba, za a cire sunana.

Ranar Juma'a na haye Keke mai ƙafa uku daga Barnawa, inda nake zaune da maigidana da yara, zuwa gidanmu a Makera. Ba shawara na je nema ba, mita na je yi.

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu a masaƙa a Kakuri. Aikinsa goge rolar tagulla, wadda ke buga zane a jikin atamfa. Yakan ce ƙarce ɗaya a jikin rola sai ya fito a kowane yadi har ƙarshen bandir, shi ya sa ba a ba mai gaggawa wannan aiki. Da aka rufe masaƙar sai ya koma gyaran keken ɗinki a ƙofar gida. Tun ranar da na shiga sashen injiniya yake kirana Injiniya, rabi alfahari, rabi tsokana. Ya karɓi wayata, ya ɗaga hotunan kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Da me kika goge?"

"Da ruwa, Baba. Haka littafi ya ce."

"Littafin na rama ne ko na ƙarfe?"

Ya miƙo mini wayar, ya ci gaba.

"Injiniya, kin taɓa ƙoƙarin kwance igiyar guga bayan ta sha ruwa? Rama ai mashayiya ce. Kin ba ta ruwa ta kumbura, kin goge ta tana kumbure, kin ga ta yi daidai. Da ta bushe sai ta koma gidanta. A masaƙa ko zaren auduga ba a auna shi sai ya kwana ya huce."

Shekara huɗu ina karanta yadda rama ke shan danshi, na rubuta shafi goma a kai, amma da na tsaya gaban injin gogewa sai na bi littafin ƙarfe kamar makauniya. Kunya ta rufe ni, sai dai ba ta daɗe ba, don a take na gane wanda zai yi mini gugar. Na ce, "Baba, kai za ka yi." Ya ce shi mai gyaran keke ne yanzu. Na ce to keken ya jira.

Tsakiyar damina ce. Na kawo sababbin gunduwoyi shida: uku masu ruwan toka, na ɗiga musu jan fenti a gefe, uku marasa toka, na ɗiga musu baƙi. Na kawo takardun gogewa da na yi oda, daga mai kaushi kamar samfefa har zuwa wadda in ka shafa ba za ka ce akwai komai a jikinta ba. Baba ya cire gilashin teburin falo, ya wanke, ya shanya, ya shimfiɗa a ɗakinsa, ya rufe taga. A bushe ya yi gugar, ba ruwa ko ɗigo. Yana jan gunduwar a kan takarda a hankali, hannunsa kamar ba ya taɓa ta, in ya yi ja ashirin sai ya ajiye ya naɗe hannu. Na tambaye shi hutun na mene ne. Ya ce roba ba ta son zafi, in ka matsa mata sai ta yi laushi ta shafe fuskar zaren, kamar man kaɗe a tafin hannu. Gunduwa ɗaya yake gamawa a yini. Ni da nake zaune a gefe ina kaɗa ƙafa, sai ya ce in tashi in ba shi wuri, ƙafata na girgiza masa gilashi.

A wannan makon Umma ce ta riƙe gidan. Ta ɗauke murhunta daga kusa da tagar Baba ta kai bayan gida, don kada hayaƙin suya ya shiga. Ta hana daka. Masu kawo keken ɗinki ita ke tare su a ƙofa, ta ce Malam yana aikin ƙasar waje, su dawo wani sati. Ba ta san mene ne rezin ba, ba ta kuma tambaya ba. Abin da ta sani shi ne 'yarta na cikin damuwa, kuma waɗannan 'yan abubuwa shida su ne maganin damuwar.

Dole in faɗi wani abu game da Umma. Babu abin da ke fita daga gidanmu zuwa wani muhimmin wuri ba tare da ta yi masa tofi ba. Takan riƙe abin a tafukanta biyu, ta karanta abin da ta sani na addu'a leɓɓanta na motsi, sannan ta tofa sau uku, iska da ɗan feshin da ba ya kai a gani. Ta tofa wa birona na jarrabawar firamare. Ta tofa wa takardar ɗaukata aiki, da akwatin aurena, da kan kowane ɗa da na haifa. Ba ta neman izini, ba kuma wanda ya taɓa tunanin a nemi izini. Na san wannan sarai, na girma a cikinsa, amma ban kawo shi a raina ba ko sau ɗaya a wannan makon.

Ranar Talata Baba ya gama ta shida. Na duba su a madubin makaranta, ban ga ƙarce ko ɗaya ba. Na jera su a wata robar abinci mai murfi, fuskokinsu a sama, na zuba musu 'yan ƙwayoyin nan masu shan danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi. Na bar robar a ɗakin Baba ta kwana. Kamfanin aika saƙo ya ce in kai kafin ƙarfe huɗu na yammar Laraba, in ba haka ba saƙon ba zai isa kafin kwana biyun da aka ba ni ba.

Da safiyar Laraba na zo ɗauka. Na buɗe murfin don in yi musu kallon ƙarshe, sai wayata ta yi ƙara, Farfesa ne. Ɗakin ba ya samun sabis sosai, na fita tsakar gida. Maganar ba ta kai minti uku ba. Da na dawo sai na tarar da Umma a tsaye, robar a tafukanta biyu, leɓɓanta na motsi. Kafin in buɗe baki ta sunkuya. Tuf, tuf, tuf.

Zuciya ta ɗebe ni. Na fizge robar daga hannunta.

"Umma! Wannan ba jariri ba ne! Mako guda muna guje wa ruwa, ke kuma kin zo kin zuba musu yawu! Aikin shekara huɗu kin zuba wa yawu!"

Yawu na ce. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Umma ta dubi tafukanta da suka rage a buɗe, ta dube ni, ta ce, "Addu'a ce na yi." Ta gyara mayafinta ta fita.

Baba ya shigo da sauri, ya ji komai daga ƙofar gida. Na ɗaga gunduwoyin a hasken taga, na ga 'yan ɗige-ɗige a kan kowacce, ƙanana ƙwarai, suna bushewa. Na ce a sake gogewa, duka shida, yanzu. Ya ce aikin kwana shida ba ya yiwuwa a awa shida. Ya ce in bar su haka, abin da ya taɓa su kaɗan ne. Na ce shi bai san na'urar ba, ni na san ta, ɗigo ɗaya a wurinta tafki ne. Na faɗa da ƙarfi, da tabbacin wanda ya karanta littattafai. Baba ya dube ni na ɗan lokaci, kallon da ban so ba. Sannan ya sa yatsu biyu ya ɗauki gunduwa ɗaya mai jan fenti da ɗaya mai baƙi, ya ajiye su gefe.

"Waɗannan biyu na gama aikinsu, ba zan sake taɓa su ba. Huɗun nan kuma, tunda ke ce Injiniya, zan yi yadda kika ce. Amma ki sani ba hannuna ba ne, gaggawarki ce."

Ya zauna ya fara. Ina tsaye a kansa ina duba agogo. In ya ajiye don robar ta huce sai in ce, "Baba, filis, lokaci." Sai ya ɗauka ya ci gaba. Da azahar Umma ta kawo mana abinci, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ƙarfe uku da kwata na rufe robar da duka shidan a ciki, huɗu suna ƙyalli, biyu da ɗige-ɗigensu. Na sa biyun ne kawai don kada wuri ya zauna fanko. Na fita da gudu na tare Keke. Umma na zaune a tsakar gida tana tsinar shinkafa, na ce na tafi, ta ce a sauka lafiya. A iya sanina wannan ne karo na farko da na bar gidan da wani babban al'amari a hannu ba ta tashi ta raka ni ƙofa ba.

Kwana goma saƙon ya yi a hanya da jiran layi. Ban je Makera ba. Ina kira a waya mu gaisa, gaisuwa ta tsaya a gaisuwa. Na san ya kamata in ba da haƙuri, amma a raina ina cewa bari sakamako ya fito tukuna, don ta ga girman abin da ta kusa jawo mini. Haka nake a lokacin, ba zan gyara labarin don in yi kyau ba.

Matar ta ce za ta haɗa ni da allon na'urar ta kiran bidiyo, in ga komai ana yi. Na gayyaci iyayena Barnawa. Da hantsi Baba ya sauka daga Keke cikin rigarsa ta zuwa masallacin Juma'a, shi kaɗai. Ya ce Umma ƙafarta na ciwo. Na jawo masa kujera gaban kwamfuta.

Ta ɗora gunduwa ta farko daga cikin huɗun. Hoton ya fito. Fuskar ta yi ƙyalli, amma iyakar da nake nema ba ta nan. Roba ta shafe bakin kowane zare, ba a gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Matar ta ce da alama an goge da zafi, in ta danna allura a nan robar da ta shafe za ta auna, ba zaren ba. Ta ɗora ta biyu, haka. Ta uku da ta huɗu har da ƙarce, dogaye, kamar kunyar gona. Baba bai ko dube ni ba. Da ya ce ai na gaya miki da ya fi mini sauƙi.

Sai ta ɗora ta biyar, mai baƙin fenti, ɗaya daga cikin biyun da Baba ya ƙi taɓawa. Abu na farko da ya cika allon wani zobe ne fari, mai kauri a baki, da 'yan tsakuwoyi kamar gishiri a ciki. Ta tambaye ni me ya ɗiga a nan. Na ce addu'ar mahaifiyata ce, na yi mata bayani a taƙaice. Ba ta yi dariya ba. Ta ce to bari mu matsa gefe. Ta juya wani abu, zoben ya zame ya fita daga allon.

Abin da ya biyo baya har yau ina ganinsa in na rufe ido. Fili ne shimfiɗaɗɗe, sumul, zaruruwan rama a yanke a jere kamar saƙar zuma, kowanne da bakinsa tsaf, robar ta tsaya daidai da su. Ta yi ta matsawa, ta yi ta matsawa, kafin zobe na biyu ya leƙo. Ta ce wurin da take buƙata don layi ɗaya bai kai rabin kaurin gashi ba, tsakanin ɗigo da ɗigo kuwa akwai inda za ta jera ramuka ɗari-ɗari. Danshin numfashi kuma tuni ƙwayoyin cikin robar suka shanye shi a hanya.

Ni ce mai koya wa ɗalibai ƙanƙantar wannan awo. Ni ce na ce wa Baba ɗigo ɗaya tafki ne a wurin na'urar, kuma gaskiya ne. Abin da fushi ya hana ni lissafawa shi ne, in ɗigo tafki ne, to tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu ƙasa ce guda.

Matar ta tambaya wane inji muka yi amfani da shi. Na juya kwamfutar ta ga Baba. Na ce ga injin. Ta ce in gaya masa ta daɗe ba ta ga gugar hannu irin wannan ba. Na fassara masa. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya matso da fuskarsa kusa da allon.

"Babu ƙarce?"

"Babu, Baba."

"Shekara ashirin da huɗu ina gugar rola, ban taɓa ganin abin da hannuna ke yi ba sai yau." Sannan ya ce, "Ashe dai ba laifi."

Ta rufe na'urar ta bar ta awa guda ta daidaita, don ko ɗumin jikin mutum yana karkatar da awon. Daga nan allura ta fara sauka. Ba a ganin komai sai layi yana hawa yana sauka a allo. Yini guda ta yi a kan mai baƙin fenti, washegari ta yi mai ja. Da la'asar ɗin rana ta biyu ta turo zane biyu. A marar toka, ƙarfin yana sama a cikin zare, yana zuwa iyaka sai ya faɗi ƙasa warwas, akwai 'yar tsaga a wurin. A mai ruwan toka, ya sauko a hankali, mataki-mataki, har ya haɗu da na roba, babu inda ya yanke. Layi bayan layi haka. Kamun da Farfesa ya ce in nuna masa ke nan. Ban yi mamaki ba, tun daga Kakau na san haka zai kasance. Na yi murna ƙwarai, na yi sujada a falo, amma murnar ba ta zauna daidai a ƙirjina ba.

Na roƙi matar hoto ɗaya, wanda ya haɗa zoben farin nan a gefe da layin 'yan ramukan allura a ɗaya gefen. Na buga shi a takarda babba. Washegari da safe na tafi Makera.

Na tarar da Umma tana shara. Ƙafarta lafiya lau. Na durƙusa a gabanta har ƙasa, na ce na yi laifi, bakina ya yi abin da bai kamata ba, ta yafe mini. Ta ce in tashi, ai ba ta riƙe ni ba, ɗa da uwa. Na miƙa mata takardar. Na nuna mata ramukan, na ce aikin ya yi, kuma biyun da ba a sake gogewa ba su ne suka yi.

"Wannan zoben fa?"

"Tofinki ne, Umma."

Ta kai takardar nesa da idonta, ta kawo kusa. "Iyakarsa ke nan? Duk wannan filin bai samu ba?" Ta yi 'yar dariya. "Da na sani ai da na ƙara."

Muka yi dariya tare, Baba ma daga ƙofar gida. Ta ce ita dai ta san addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ban yi gardama ba, ban kuma ji ina son yi ba. Ta sa hoton a ƙarƙashin gilashin teburin falo, gilashin da Baba ya yi guga a kai, yana nan har yanzu. Na koma Barnawa ina cewa komai ya wuce.

Wata biyar bayan nan aka sa ranar da zan kare aikina gaban malamai. Da sassafe na biya gida, kundin binciken a hannuna, kamar yadda na saba kafin kowace jarrabawa tun ina 'yar shekara goma. Umma ta karɓa a tafukanta biyu. Leɓɓanta suka yi motsi, ta daɗe tana karantawa, fiye da kullum. Ta sunkuya, ta tattara leɓɓanta. Sai ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni.

"Injiniya, babu abin da zai ɓaci? A tofa?"

Ba ta taɓa kirana da wannan suna ba, na Baba ne. Kuma ba tsokana a fuskarta, tambaya take yi tsakani da Allah. Na ji abin ya soke ni har ƙashi. Na ce, "Umma, don Allah ki daina tambaya. Ki tofa." Ta tofa sau uku, a hankali, can gefen bangon kundin inda babu rubutu.

Na ci jarrabawar, kamar yadda na san zan ci. Wasu masu faiba a Makera sun fara gwada ramar, Baba kuma ya goge mini gunduwa fiye da talatin tun daga lokacin, ɗaya a yini, ban ƙara tsaya masa a kai ba. Bara 'yar autata ta yi zazzaɓi, na kai ta gida. Umma ta ɗora ta a cinya, ta dafa kanta, ta karanta. Da ta zo ƙarshe sai ta ɗago ido ta neme ni a ɗakin, tana jira in ce to.